Kafin a Yi wa Wayarka Filashin, a Fara Karanta Abin da Ta Rubuta

Kwanakin baya wayar ƙanwata ta shiga wani hali: tana cikin aiki sai ta mutu, ta sake kunna kanta, a wuni sau biyar ko shida. Ta kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. Ko buɗe ta bai yi ba ya yanke hukunci: "Hajiya, sai an yi filashin." Aka yi. Hotunan sunan ɗanta suka tafi, lambobin masu sayen turarenta suka bi su. Bayan kwana biyu wayar ta koma gidan jiya. Da aka kai wa wani ya buɗe, ashe mahaɗin batir ne ya yi sako-sako.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waya ba ta cika mutuwa shiru ba. Sau da yawa kafin ta faɗi takan rubuta inda take da hanyar da ta biyo. Ra'ayina shi ne, yi wa waya filashin ba tare da an nemi wannan rubutu ba ganganci ne, kuma lokaci ya yi da mu masu waya za mu daina yarda da shi.

Bari in yi bayanin abin da wayar ke rubutawa, don kada a ɗauka tatsuniya ce.

A ƙarƙashin duk manhajojin da kake taɓawa akwai ƙwayar babbar manhaja, wadda ake kira kenel. Ita ce ke raba wa kowace manhaja lokaci da ma'adana, ita ke magana da kyamara da batir da allon waya. Wayoyin Android, daga Tecno da Infinix da itel har Samsung, duk a kan kenel ɗin Linux suke, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991.

Aikin kenel kamar aike ne a Kantin Kwari. Mai saye ya nemi wata atamfa, mai shago ba shi da ita, sai ya tura yaronsa wurin maƙwabci. Maƙwabci ya tura nasa yaron sito. Na sito ya kira mai ɗauko dila. Kowane ɗayansu dole ya riƙe abu guda a ransa: wa ya aiko ni, ina zan koma? Haka manhaja take. Wani ɗan aiki ya kira wani, wannan ya kira na gaba, kuma duk wanda aka kira yakan ajiye 'yar takarda mai ɗauke da adireshin komawa da abubuwan da yake riƙe da su. Takardun nan ana jibge su ne ɗaya kan ɗaya, kamar atamfofi a kanta: ta ƙarshe da aka ɗora ita ake fara ɗaukewa. Wannan tuli shi masana ke kira sitak, kowace takarda kuma firem.

Sai kuma rajistoci. Ba rajistar layin waya ba. Waɗannan wasu 'yan aljifai ne a cikin masarrafar waya inda take riƙe lambobin da take aiki da su a daidai wannan lokaci. Masarrafar ARM mai bit 64, wadda ke cikin akasarin wayoyin yau, tana da irinsu guda 31 na aikin yau da kullum, daga x0 zuwa x30. Ta ƙarshen, x30, ita ke riƙe adireshin komawa, x29 kuma tana nuna takardar da ke saman tuli. Idan wani abu ya katse masarrafa, misali ka taɓa allo, kenel yakan kwafe abin da ke cikin aljifan nan ya ajiye, ya biya buƙatar da ta taso, sannan ya mayar da komai yadda yake. Kamar ɗan kasuwar da aka katse yana tsakiyar ƙirga kuɗi, ya rubuta inda ya tsaya a tafin hannu.

To idan kenel ya ci karo da abin da ba zai iya wucewa ba, kafin ya sake kunna wayar yakan zayyano abin da ke cikin rajistocin, sannan ya bi tulin nan daga sama zuwa ƙasa: wane ne ya faɗi, wa ya aike shi, wa ya aiki wanda ya aike shi. A nan ake ganin ko matsalar daga ɓangaren kyamara ta taso, ko caji, ko ma'adana. Hausawa sun ce ba inda aka faɗi ake dubawa ba, inda aka yi tuntuɓe. Wannan jeri shi ne sawun da ke kai ka wurin tuntuɓen.

Kada ka ɗauka sawun nan a banza yake samuwa. Tun 2008 Linux ke da wata na'urar bin sawu mai suna ftrace, wadda Steven Rostedt ke kula da ita. Domin ta auna tsawon lokacin da kowane ɗan aiki ya ɗauka, takan cire adireshin komawa na gaskiya ta sa nata, kamar maigidan da ya ce wa yaro, "In ka dawo ka fara biyowa ta wurina." Amma wajibi ne ta adana adireshin asali a gefe, kuma kada ta ɓata ko rajista guda da ake buƙata. In ta yi kuskure, mai bin sawun ya zama shi ne mai ɓatar da hanya. Ko a 2017 sai da aka shigar da sabuwar hanyar warware tuli mai suna ORC a Linux 4.14 saboda kwamfutoci. Fedora a 2023 da Ubuntu a 2024 sun yarda manhajojinsu su ɗan rage sauri kaɗan domin a riƙa ajiye alamar firem, sawu ya fito sarai. Mutane sun shafe shekaru suna wannan wahala don na'ura ta iya faɗin ciwonta. Mu kuma a nan mu share bayanin cikin minti goma, mu biya kuɗi a kai.

Domin filashin abin da yake yi ke nan. Yana goge ɓangaren da hotunanka suke, tare da rahotannin da wayar ta tara. Na kenel ma ya fi rauni: a wayoyi da dama yana zaune ne a wani ɗan yanki na ma'adanar wucin gadi, wanda ke tsira idan waya ta sake kunna kanta, amma yana ɓacewa da zarar an cire batir.

Masu gyaran iPhone sun riga sun gane amfanin wannan. A cikin Settings, ƙarƙashin Privacy & Security, sai Analytics & Improvements, sai Analytics Data, akwai fayiloli masu farawa da panic-full. Idan iPhone na mutuwa kusan duk bayan minti 3, ƙwararren mai gyara yakan buɗe fayil ɗin ya ga wane ma'auni ne ya daina amsawa. In ya ga Prs0 ya san ya duba layin wurin caji, in ya ga TG0B ya nufi batir. Ko sau ɗari aka yi wa irin wannan waya filashin ba za ta warke ba, don ciwon ba a manhaja yake ba.

A Android ma akwai ƙofa. Shiga About phone, ka taɓa Build number sau 7, sai Developer options ya bayyana. A ciki akwai wurin ɗaukar Bug report. Ka ɗauka da zarar wayar ta farfaɗo, kafin a kashe ta ko a buɗe bayanta.

Na san abin da masu gyara za su ce, kuma ba duka ne ba su da gaskiya ba. Yaron da ke zaune a kan benci a titin Beirut ko Farm Centre, mutum biyar na tsaye a kansa, kowa na sauri, kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba. Rahoton da Turanci yake, cike da lambobi. Wasu kamfanoni sun kulle wasu bayanan, ba a kai musu sai da kayan aiki na musamman. Kuma gaskiya ne akwai matsalolin da filashin ke magancewa.

Amma ba a ce mai gyara ya zama injiniyan kenel ba. Ba sai ya fahimci kowace rajista ba. Ya iya nemo kalmar panic a cikin rahoto, ya karanta layuka goma da ke biye, ya gane ko sunayen da ke wurin na caji ne ko na kyamara ko na ma'adana. Wanda ya iya ɗaga ƙaramin aisi da iska mai zafi ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba, wannan karatun ba zai gagare shi ba. Kuma riba ce gare shi: wayar da aka gano ciwonta ba ta dawowa bayan kwana biyu da mai ita yana huci. Iyayen gida da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya su sa wannan cikin abin da ake koya wa yara kafin a yaye su.

Mu ma masu waya da namu laifin. Mu ne ke cewa "yi min sauri", mu ne ke ganin wanda ya tsaya bincike kamar bai iya aiki ba. Idan ka kai waya gyara, ka tambaya: "Malam, me ka gani ya nuna manhaja ce?" In amsar ita ce "haka suke yi", karɓi wayarka ka ƙara gaba. In kuma filashin ɗin ya zama dole, ka kwashe hotuna da lambobinka tukuna.

Gargaɗi guda: rahoton nan yana iya ƙunsar sunayen manhajojinka, asusunka da wasu bayanan sirri. Kada ka jefa shi a guruf ɗin WhatsApp kana neman taimako. Nuna wa wanda ka amince da shi kawai, kana tsaye.

Ƙanwata ta samu wayarta lafiya a ƙarshe, da gyaran da bai ɗauki rabin awa ba. Hotunan sunan ne dai har yau take bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya tana roƙon wanda ya ɗauka ya turo mata.