Kowace Kalma Da Nauyinta

Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya san ƙugiyar nan da ta raba sabo da saɓo. In ɗan lanƙwasa kaɗai ya isa ya sauya ma'ana haka, ina ga sauya kalma ɗungum? Amma sai ga mutane suna jifan juna da manyan kalmomi a kasuwa, ba awo.

Bahaushe bai rasa sunaye ba. Ashar ita ce mummunar magana ta rashin kunya. Saɓo shi ne ƙetare umurnin Ubangiji. Izgili shi ne mai da abu mai alfarma abin dariya. Ɓatanci shi ne aibata wanda addini ya girmama, da gangan. Ridda kuwa fita ce daga addini ɗungum. Akwai kuma suɓutar baki, wadda ke samun mai fushi da jahili. Dukansu abin gudu ne, amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Magabata ba su yi wasa da wannan bambanci ba. Risala, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ta koyar da cewa zunubi ba ya mai da Musulmi kafiri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, duk da girman malaminsa Malam Jibrilu a wurinsa, ya ƙi bin sa kan kafirta masu manyan zunubai.

To, masu cewa kishin addini ne ke sa su ihun ɓatanci, sai a tambaye su: wa ya ji maganar da kunnensa? Wa ya auna nufin mai ita? A shekarar 2016 taro ya kashe wata 'yar kasuwa a Ƙofar Wambai, cikin Kano. A 2023 aka kashe wani mahauci, Musulmi, a Sakkwato. Ba ɗayansu da aka kai gaban alƙali, balle a nemi shaidu. Kalma guda aka ɗaga, rai ya salwanta.

Kishi na gaskiya ba ya rabuwa da ilimi. Wanda ya ji abin da ya ɓata masa rai, ya kai wa malami ko alƙali, ya faɗi daidai abin da ya ji, ba ƙari. Magana zarar bunu ce, kuma mai ɗora wa ɗan'uwansa sunan da ba nasa ba, shi ma ya yi saɓo.