Wakilinmu Na Buƙatar Alƙaluma A Hannu

Jama'ar Giade,

Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje, ta cinye gonaki a Giade da Shira da Katagum. To, idan wakilinmu ya miƙe a Majalisar Dokokin Jihar Bauchi, mai kujeru 31, yana neman magudanun ruwa, da wace hujja zai shawo kan sauran? Koke kaɗai ba ya shiga kasafin kuɗi.

Ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare. Muna roƙon majalisa ta riƙa neman binciken malamansu kafin muhawara.

Mu kuma mu rubuta asarar kowane ƙauye, mu miƙa. Masu unguwanni, a taimaka mana. Allah Ya kiyaye gaba.