Ruwan Kunne: Ciwon Da Ake Rainawa Yana Kurumtar Da Matasa

A Tourou da ke gefen birnin Parakou, haka ma a Djougou da sauran garuruwan arewacin Jamhuriyar Benin, iyaye da dama na ɗaukar mugunyar da ke fita daga kunnen yaro a matsayin abin da zai wuce da kansa. Sai ya zama saurayi, malamai sun fara kiransa daƙiƙi, sannan likita ya haska kunnen ya tarar dodon kunne ya huje, wani lokacin ma ƙananan ƙasusuwan ji sun zaizaye.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ke fama da wannan cuta, kuma kashi 60 cikin 100 jinsu ya ragu. Idan aka yi sakaci, takan kai ga sanƙarau.

Akwai likitocin kunne a asibitin koyarwa na Parakou, amma talaka ba ya zuwa sai abu ya ɓaci. Don haka ya kamata hukumomi su wadata asibitocin karkara da fitilar duba kunne, a kuma riƙa duba ɗalibai a makarantu, domin rigakafi ya fi magani.