Kafin mu kwance bakin zane mu biya kuɗin mastar

Mu ƴan kasuwa ba mu sayen buhun gero sai mun zura hannu mun ga ƙwaya. Amma in yaro ko yarinya ta gama lisansi ta ce za ta yi mastar a kiwon lafiyar al'umma, sai mu ƙirga jikkuna mu miƙa, ko tambaya babu. Kuɗin adashe ne fa, wani lokacin ma jari ne ake taɓawa.

Wannan karatu shi kaɗai ba ya mai da mutum lokotoro, ba a buɗe ɗakin duba marasa lafiya da shi. Aikinsa bin sawun cuta: wace rijiya ce ta gurɓace, yara nawa rigakafi ya tsallake, me ya sa tamowa ke dawowa kowace damina. Wanda ya ga sanƙarau na 2015 a Yamai, ko zawo da amai na 2018 a Madarunfa, ya san amfanin masu wannan sani.

Don haka ra'ayinmu, lakkwal ɗin da ba ta fitar da ɗalibanta zuwa ƙauyuka da ƙananan likitoci na karkara ba ta cancanci ko dala ba, komai kyawun bene da allonta. Mu tambayi yaran da suka gama can: wata nawa suka yi a daji, kuma ina suke aiki yau?

Sai maganar takarda. Akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, mazauninta na Wagadugu, tana tantance difloma tsakanin ƙasashe membobinta. A nuna mana shaidar cewa mastar ɗin na cikin waɗanda ta amince da su, ko aƙalla izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, a rubuce. Wanda ya nufi Kano ko Zariya ya san da Ingilishi zai yi karatu, kuma in ya dawo sai an daidaita takardarsa da ta gida. Cibiyar Wida ta Benin, da Faransanci take koyarwa.

Yaranmu da yawa farar motar porje suke hange. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da dama suka tsaya a Afirka. Kafin mu biya kashin farko, yaron ya faɗa mana inda zai yi aiki in porje ba ta ɗauke shi ba.