Kulki Ba Ya Gyara Labari

Ranar 1 ga Agusta, 2024, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin Najeriya. Kafin dare ya yi, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita ta awa 24. Wanda yake zaune a gida ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a titi sai ta rediyo, talabijin ko waya. Wani ne ya fita da kyamara da rikoda ya tsaya cikin barkonon tsohuwa don mu ji. To, yaya aka yi da shi?

A ranar farko, 'yan sanda sun kama mai ɗaukar hoto na jaridar Daily Independent a Abuja, suka ƙwace wayarsa. A Maiduguri an tsare ma'aikata tara na Radio Ndarason. Ranar 3 ga wata, a bakin filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, jami'an tsaro sun yi harbi a inda 'yan jarida suke, har harsashi ya huda motar wakilin Premium Times. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta duniya, CPJ, ta ƙirga aƙalla 'yan jarida 56 da aka ci zarafinsu a lokacin zanga-zangar.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce wai 'yan jarida na goyon bayan masu zanga-zanga, suna rura wutar fitina. Mu a wannan kulob ba ma cewa 'yan jarida waliyyai ne. Akwai gidan rediyon da ko rantsuwa ya yi mun san bakin mai gidansa yake magana da shi, kuma akwai mai yaɗa bidiyon da bai tantance ba. Amma waye zai yanke hukunci cewa an yi son kai a labari? Ɗan sandan da ke riƙe da kulki a tsakiyar hayaniya, wanda bai ma karanta labarin ba tunda ba a rubuta shi ba tukuna?

Ku duba wannan. A Oktoban 2020, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowanne saboda yadda suka kawo rahoton zanga-zangar EndSARS. A 2023, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tarar gidajen yaɗa labarai. Idan hukumar da doka ta kafa don wannan aiki ba ta da ikon zama alƙali, ina ga kurtun da aka turo tsaron titi? Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan gwamnati. Wanda aka ƙwace wa waya ba zai sauke wannan nauyi ba.

Abin da 'yan sanda ke mantawa shi ne kyamarar nan su ma tana yi musu rana. 'Yan jarida ne suka nuna mana yadda ɓata-gari suka wawashe cibiyar NCC a Kano. A garin ne kuma 'yan daba suka far wa motar da ke ɗauke da 'yan jarida, suka farfasa gilasanta. Ke nan ɗan jarida ya zama ganga, ana dukansa gaba da baya. Rashin son kai a wurinmu shi ne a nuna mai wawaso, a kuma nuna jami'in da ya harbi wanda bai ɗauki ko tsinke ba. Idan aka kori mai yin haka daga titi, filin ya koma hannun masu tura saƙon murya a WhatsApp, waɗanda ba su da edita, ba su da suna, ba a san inda za a kai ƙararsu ba.

Muna kira ga rundunar 'yan sanda ta sanar da jami'anta tun kafin su fita cewa mai katin shaidar aikin jarida ba abin kamawa ba ne, kuma ba a tilasta masa goge hoto. Wanda ya daki ɗan jarida a fito da sunansa, a hukunta shi a bainar jama'a. Gidan jaridar da aka ga ya yi ƙarya kuwa, a kai shi kotu.