Dokoki Goma A Bangon Aji: Kafin Mu Tafa Wa Gwamna Landry



Tun shekarar 2024 sunan Jeff Landry, gwamnan Jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, yake yawo a wayoyin ƴan ikilisiya, ana tura shi daga wannan zuwa wancan tare da "Haleluya". A ranar 19 ga Yuni, 2024, wannan gwamna ɗan jam'iyyar Rifablikan, ɗan ɗarikar Katolika, ya sa hannu a dokar da ta wajabta manna Dokoki Goma a kowane aji na makarantun gwamnati, daga ajin ƙananan yara har jami'a. Dokar ta faɗi har girman takardar, kada ta gaza inci 11 da inci 14, da manyan baƙaƙe. Wasu dattawanmu suna cewa ina ma Allah ya ba mu irinsa. Ni dai ina roƙo mu ɗan dakata da tafi tukuna.

Akwai abubuwan mutumin nan da yawancinmu za mu yarda da su ba gardama. Yana gāba da zubar da ciki. A shekarar nan ta 2024 ya sa hannu a dokar da ta hana malaman makaranta tattauna batun luwaɗi da sauya jinsi da ɗalibai a aji, bisa hujjar cewa wannan magana ta iyaye ce. Ya kuma buɗe ƙofa makarantu su ɗauki limamai masu ba yara shawara. Amma shi ɗin ne ya sa hannu aka ƙara iskar naitirojin cikin hanyoyin zartar da hukuncin kisa, aka kuma kashe fursuna da ita a watan Maris 2025, bishop-bishop na ɗarikarsa suna roƙo kada a yi. Ko cocin da yake zuwa sujada bai karɓi kayansa duka a dunƙule ba, balle mu da muke hangensa daga nesa.

Batun bangon aji ne ya fi damuna. Da ya tashi kare dokar, gwamnan ya ce yana ɗokin a kai shi kotu, aka kuwa kai shi. Iyalai tara ne suka shigar da ƙarar, cikinsu akwai Yahudawa, akwai waɗanda ba su bin addini, akwai kuma Krista, har da faston Firesbiteriya. A watan Nuwamba 2024 wani alƙalin tarayya ya dakatar da dokar, yana dogara ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1980 wanda ya soke irinta a Jihar Kentaki, daga nan magana ta wuce kotun ɗaukaka ƙara. Da aka tambayi gwamna me iyayen da ba su yarda ba za su yi, sai ya ce su gaya wa ɗansu kada ya duba.

Ku iyaye, wannan amsa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mu da muke tsiraru a garuruwanmu mun san yaron da yake tsaye a layin safe ana addu'ar da ba tasa ba, mun san makarantun da aka yi shekaru babu malamin darasin addinin Krista. Idan muka kai kuka, abin da muke riƙewa shi ne sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyarwa ko hidimar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. To, da wane baki za mu nemi wannan haƙƙi ga ƴaƴanmu, mu kuma yi guɗa idan an tauye shi ga ɗan Bayahude ko ɗan Musulmi a Luwiziyana? Sandar da aka doki kishiya da ita, da ita ake dukan amarya.

Tarihin ɗarikar gwamnan ma ya isa ya ja masa kunne. A birnin Filadelfiya, shekarar 1844, ƴan Katolika ne tsiraru. Sun koka cewa ana tilasta wa ƴaƴansu karanta fassarar Littafi Mai Tsarki ta ƴan Furotesta a makarantun gwamnati. Abin ya zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone majami'un Katolika biyu. Irin wannan matsi yana cikin abin da ya sa suka dage da gina makarantunsu na kansu a faɗin Amurka.

Sai wata tambaya da duk wanda ya zauna ajin tauhidi zai yi: Dokoki Goma na wa? Katolika da Lutaran suna ƙirga su ta hanya ɗaya, mu da yawancin Furotesta ta wata hanya, Yahudawa kuma nasu ƙirgen daban. Dole majalisar jiha ta zaɓi kalmomi, ta kuwa zaɓa, ta rubuta su cikin doka. Ku buɗe Fitowa sura 20 ku gani. Kafin Allah ya ba da doka ko ɗaya, sai da ya tuna wa Isra'ila cewa shi ne ya fisshe su daga bautar Masar. Ceto ne a gaba, biyayya ta biyo baya. Wannan magana ta fitarwa daga Masar ba ta cikin rubutun da majalisar ta amince da shi. An bar umarni, an cire alherin da ya haife shi. Kuma don dokar ta tsira a gaban alƙali, lauyoyin jihar sun yi ta nanata cewa takardar tarihi ce wadda ta taimaka wajen kafa dokokin ƙasa. Ni a matsayina na fasto ban ga riba ba a ce Maganar Allah ta sami wuri a bango bisa sharaɗin a ɗauke ta kamar tsohuwar wasiƙar kakanni.

Ɗaya shirin nasa na ilimi ya fi cancantar mu yi nazarinsa. Sunansa LA GATOR, shi ma na 2024. Gwamnati tana zuba kuɗi a asusun yaro, iyaye su biya makarantar da suka zaɓa, ko da ta coci ce. Duk wanda ya tuna yadda gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a Najeriya cikin shekarun 1970, ko yake fama da kuɗin makarantar ƴaƴa huɗu, zai ji daɗin wannan. Ni ma ina ganin hikima a ciki. Sai dai a 2025 majalisar jihar ta ba shirin wajen rabin kuɗin da gwamna ya nema kawai, dubban iyalan da suka cika takarda suka tashi a tutar babu. Shirin da ya gabace shi kuma, wanda Gwamna Bobby Jindal ya faɗaɗa a 2012, masu bincike sun tarar yaran da suka koma makarantun kuɗi da tallafinsa sun ja baya sosai a lissafi a shekarun farko. Sunan coci a allon ƙofa ba ya koya wa yaro lissafi, makarantunmu ma su ji wannan.

A shekarar 2012 ɗin, wata ƴar majalisar jihar, Valarie Hodges, ta janye goyon bayanta da ta gane cewa makarantar Musulmi ma za ta iya cin moriyar tallafin. Ta zaci na Krista ne kaɗai. Idan wata rana aka kawo irin wannan tsari ƙasarmu, mu nemi a rubuta shi da ma'auni ɗaya ga kowa, domin a jihohi da dama mu ne za a fara mantawa wajen rabo.

Musa kansa, a Kubawar Shari'a sura 6, iyaye ya ɗora wa aikin koya wa yara dokokin nan, a cikin gida da kan hanya, da kwanciya da tashi. Saboda haka ina roƙon dattawa, ranar Lahadi mai zuwa ku leƙa ajin makarantar Lahadi kafin a shiga sujada, ku ƙirga yara nawa ne za su iya jera Dokoki Goma da ka, ku kuma tambayi malamarsu yaushe rabon da ikilisiya ta saya mata littafi.