FAGEN ILIMIN ZAMANI: Tabarma, rudu da kamiyon da ba ya jira



Ranar da na sauka Tsarnawa, a mararrabar nan inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, kakar albasa ce, buhuna jibge a bakin kwalta, kamiyoyi kuma sun yi jerin gwano suna jiran lodi. Wani dillali, dattijo mai fara'a, ya jawo ni inuwa, ya miƙo mini salularsa ya ce: “Mushe, kai da kake rubutu kan waɗannan abubuwa a jarida, duba mini wannan. Ina cikin ciniki da mai kayana na Abijan, ya ce in aiko masa da hoton buhunan. Na buɗa kamara na ɗauka, da na komo sai na tarar WhatsApp ya rufe, lissafin da na fara bugawa kuma ya ɓace. Yara sun ce rezo ne, mai gyara ya ce birus ne, ya karɓi kuɗina, ga shi har yau ba ta canza hali ba.”

Na karɓa na duba. Rezo lafiya lau, birus kuma babu. Amma a cikin bayanin salular an rubuta 2+2, kuma a nan ne maganar take. Na yi masa alkawarin zan kawo ta a wannan fage, domin abin da ya same shi yana samun ma'aikacin duwan a Konni da akawun kamfanin siminti a Malbaza da sakataren biro a Illela, kowa da irin na'urarsa.

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, ordinatar biro ce ko salular aljihu, tana da ma'aji iri biyu. Na farko shi ne wanda ake kira mémoire vive da Faransanci, a takardun saye kuma a rubuta shi RAM: ƙarami ne, mai tsada, mai saurin gaske, kuma da wuta ta ɗauke duk abin da ke cikinsa ya tafi. Na biyu shi ne babban ma'aji, diski ko filashi, inda hotuna da dosiye suke kwana. Na ce wa dattijon: Alhaji, na farko tabarmar da kake baje kaya ce a bakin hanya, na biyu kuwa rudun da albasa take ajiye a ciki ne can bayan gari. Ba a ciniki a cikin rudu. Duk abin da furosesa, wato guntun da ke yin lissafi, zai taɓa, sai an kawo masa shi bisa tabarma.

Mai rabon wuri a kan tabarmar shi ne ɓangaren tsarin na'ura da ake kira noyau, wanda mu a nan za mu ce wa cibiya. A salulolin Android cibiyar ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Cibiya takan yanka tabarma gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa ana ce mata shafi, galibi mai cin bait 4096. Salula mai jiga 2 ke nan tana da shafi 524,288, ba ƙari. To amma cibiya irin dillalin nan ne da ya iya baki. Kowace manhaja ta zo, sai ta ce mata ga fili nan iya ganinki, duk naki ne. A gaskiya lambobin wuri kawai ta ba ta, sa'an nan ta riƙe wani kundi inda take rubuta cewa lamba kaza ta manhaja kaza tana gurbi kaza na tabarma, lamba kaza kuwa tana rudu, wata lambar ma alkawari ce zalla, ba a taɓa ware mata komai ba. A jikin furosesa akwai wani ɗan sashe, MMU, wanda ba shi da wani aiki sai duba wannan kundi duk lokacin da aka nemi wani abu.

In ya duba ya tarar shafin ba ya bisa tabarma, sai ya tsai da manhajar cak, ya kira cibiya. Wannan shi ne défaut de page. Sunan yana ruɗa mutane, su zaci lalacewa ce, alhali rashin shafi ne kurum, kuma na'ura mai ƙoshin lafiya takan yi dubbansa kafin mutum ya gama buɗa dosiye ɗaya. Sau da yawa abin mai sauƙi ne: cibiya ta ware sabon gurbi, ta gyara kundi, ta ce wa manhaja ci gaba, ita kuwa ba ta ma san an tsai da ita ba. Wani lokaci sai an aika rudu. In kuwa manhajar ta miƙa hannu ne wurin da ba nata ba, cibiya ba ta lallashi, kashe ta take yi nan take.

Aiken rudu shi ne mai tsada, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi tare da ni. Ɗauko abu daga RAM yana cin wajen kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Daga filashi ya ninka haka wajen sau 1,000, daga tsohon diski mai juyawa kuwa wajen sau 100,000. Mu ƙaddara miƙa hannu bisa tabarma daƙiƙa ɗaya ce. Aiken filashi ya zama minti 16 da ɗoriya, kamar mutum ya hau mota daga Tsarnawa ya sauka Konni. Aiken diski mai juyawa kuwa ya zama awa 27 da wani abu, yini da kwana a kan hanya saboda buhu ɗaya. Wanda ya fahimci wannan ya gane dalilin da ya sa tsohuwar ordinatar biro take ƙugi, fitilar diskinta tana ƙyaftawa ba tsayawa, linzami kuma ya ƙi motsi: tabarma ta cika, ana fitar da shafi don a shigo da wani, kafin a juya an sake neman wanda aka fitar. Ƴan dako suna ta kai-kawo, ciniki ya tsaya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tom Kilburn da abokan aikinsa na jami'ar Manchester a Ingila suka fito da ita a na'urar Atlas, wadda aka ƙaddamar a 1962, kuma shafi 32 kacal tabarmarta take ɗauka. Cutar kai-kawon ma an san ta da wuri, domin Peter Denning ya yi bayaninta a Amurka tun 1968, ya nuna cewa kowace manhaja tana da adadin shafukan da take juyawa a kai a kai, in ba a bar mata su bisa tabarma ba to aiki ya ɓaci.

Duk wannan da muka faɗa ya shafi furosesa ne, shi kuwa mai haƙuri ne, an ce ya jira sai ya jira, ko ya juya ga wata manhajar kafin aike ya dawo. Gaba da gabanta. A cikin na'ura akwai wasu ma'aikatan: kamara, katin rezo, guntun da ke zana hoto a fuskar allo, da shi diskin kansa. Waɗannan ba sa bi ta hannun furosesa, kai tsaye suke zuba kayansu bisa tabarma ko su kwasa, abin da masana ke taƙaitawa DMA. Su ne kamiyon. Kowa a Tsarnawa ya san halin direban da ya iso da injinsa a kunne: a nuna masa inda zai sauke yanzu, ba ya jin “dakata in aika rudu”. Hasken da ya shiga idon kamara ba ya tsayawa, saƙon da ya iso ta rezo kuma in bai samu gurbi ba zubewa yake.

Saboda haka shekara da shekaru hanya ɗaya ce: kafin na'urar ta fara aiki, cibiya ta ware mata shafuka ta kafe su, ba a fitar da su, ba a ba wani aro, har ta gama. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami dattijonmu. Kamara takan nemi fili mai yawa, kuma kafaffe. Da ya buɗa ta, cibiya ta fara matse shafukan sauran manhajoji a wani lungu na tabarmar da ake kira zram, ta zubar da waɗanda za a iya sake karantowa daga filashi. Da abin ya ƙi isa, sai mai korar manhajoji na Android ya rufe waɗanda suke baya, har da WhatsApp da lissafinsa. Na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka gina ta a kai ta yi.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farko muni. Kamiyon da ke shiga kasuwa ba mai tsai da shi yana iya sauke kaya a kan kayan wani. Na'ura mai lahani, ko wadda mugu ya soka a jikin ordinata, tana iya rubutu ko karatu a ko'ina cikin RAM, har inda lambobin sirri suke. Don haka aka sa mai tsaro a ƙofar na'urori, IOMMU, wanda kamfanin Intel ke kira VT-d, a guntayen ARM kuma SMMU. Shi ma yana da kundinsa, kuma duk na'urar da ta nufi gurbin da ba a rubuta mata ba sai ya tare ta ya kai ƙara. Da farko ƙarar ba ta da magani: a soke aikin, a rubuta a rajista, shi ke nan.

Sai masana suka ce, tun da ga mai tsaro ga kundi, me zai hana a koya wa kamiyon jira? A 2009 aka ƙara wa ƙa'idar PCI Express wata hanya mai suna PRI. Na'ura takan tambayi mai tsaro fassarar lamba tun kafin ta taɓa wurin. In aka ce shafin ba ya nan, sai ta rubuta takardar buƙata, mai tsaro ya sa ta a layi ya ta da cibiya. Cibiya ta duba wace manhaja ce na'urar ke wa aiki, ko tana da izinin wurin, ta kawo shafin kamar yadda take yi wa furosesa, sa'an nan ta mai da amsa: an samu, ko buƙatar ba ta halatta ba, ko kuwa an rufe ƙofar gaba ɗaya. A wajen ARM akwai wata hanyar, inda mai tsaro ke riƙe aikin a hannunsa har cibiya ta ce a sake ko a soke. Wuyar aikin tana cikin ƙananan abubuwa. Layin yana da iyaka, yana iya cika. Manhajar tana iya mutuwa alhali takardunta suna kan layi, kuma dole a share su kafin a ba wata lambarta, in ba haka ba a kai kayan wani gidan wani. Kowace buƙata kuma sai an amsa ta, domin na'urar da aka manta da ita za ta yi ta jira har a kashe wuta. Shi ya sa sai a 2021, a fitowa ta 5.13, Linux ta samu hanyar bai ɗaya ta karɓar irin waɗannan buƙatu, aka kuma faɗaɗa ta a 2024. Ribar tana ga manyan injunan da ke ɗauke da ordinatoci da yawa a ciki ɗaya, irin waɗanda bankuna da kamfanonin waya suke dogara da su, domin an rage kafe fili don tsoron baƙon da watakila ba zai zo ba. Kamara dai har yanzu kafe mata ake yi, haske bai koyi jira ba.

Ita cibiyar ma tana da shafukan da ba a taɓa fitarwa, kuma in tuntuɓe ya faru a cikinta babu na sama da zai gyara. Ma'aikatan da suka taɓa ganin shuɗin allon Windows da rubutun PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA sun ga wannan da idonsu. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani gyara da kamfanin CrowdStrike ya aika ya sa manhajarsa da ke zaune cikin cibiyar Windows ta karanta wurin da bai kamata ba; Microsoft ya ƙiyasta na'ura miliyan 8.5 suka faɗi, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma biro da takarda.

Mu komo ga 2+2. Lambar farko ita ce tabarma ta gaskiya. Ta biyu yanki ne na filashi da aka ara aka yi masa suna, wato an share gefen rudu an ce shi ma tabarma ne. Yana ɗan taimakawa wajen ajiye manhajar da ta yi barci, ban ce ba shi da amfani ba sam, amma furosesa ba ya aiki a cikinsa, kamara ba ta sauke kaya a cikinsa, kuma duk shafin da aka kai can sai an yi tafiyar Konni kafin a dawo da shi. Mai sayarwa da ya ce maka jiga 4 ce bai faɗi gaskiya ba, ko da shi ma haka aka gaya masa. Katin memuwar da ake sakawa kuwa rudu yake ƙarawa, ba ya ƙara tabarma ko taƙi ɗaya, haka nan manhajojin da ke cewa suna “wanke” salula ba abin da suke yi sai korar waɗanda za a sake ɗaukowa daga rudu.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardar odar kayan biro, roƙona shi ne a bar rubuta “ordinata guda goma” kawai. A rubuta yawan RAM, a rubuta diski SSD, a duba kuma ranar karɓar kaya ko abin da aka rubuta shi aka kawo. Tsofaffin da suke ƙugi a kusurwa, da yawansu ƙarin RAM da canjin diski ya ishe su, kuma kuɗin bai kai na sabuwa ba.

Dattijon ya saurare ni har na gama, ya mai da salular aljihu, ya ce zai riƙa rubuta lissafinsa a takarda kafin ya buɗa kamara, in farashin albasa ya tashi bayan damina ya sayi wata, kuma wannan karon lambar farko zai tambaya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batir da abin da zafin watan Afrilu ke yi masa.